Shafin OEIS a ma'auni: ƙamus ɗin jerin lambobi ga masu wasa ƙwaƙwalwa

A ce an ba ka 1, 2, 4, 7, an ce ka faɗi lambar da ke biye. Amsoshi uku ne a ƙalla, kuma kowace da hujjarta. Idan tazarar da ke tsakani ce take hawa ɗaya-ɗaya (1, 2, 3, sai 4), amsa 11 ce. Idan ana haɗa biyun ƙarshe ne a ƙara 1, wato 4 da 7 da 1, amsa 12 ce. Idan kuma ukun ƙarshe ake haɗawa, 2 da 4 da 7, sai a samu 13. Duk wanda zai shiga shafin oeis.org ya riƙe wannan misalin a ransa, domin daga nan ƙarfin shafin yake, daga nan kuma rauninsa yake.

OEIS (On-Line Encyclopedia of Integer Sequences) ma'ajiya ce ta jerin cikakkun lambobi, waɗanda babu ɗigo ko ɓari a jikinsu. Masanin lissafi Neil Sloane ne ya fara tara su a 1964 yana ɗalibi a jami'ar Cornell da ke Amurka, yana rubutawa a kan katuna. A 1973 ya fitar da littafi mai jeri 2,372, a 1995 shi da Simon Plouffe suka fitar da wani mai sama da 5,000, sannan a 1996 abin ya koma intanet. A 2004 aka cika jeri 100,000, yanzu kuwa sun haura 370,000. Tun 2009 wata gidauniya mai zaman kanta ke riƙe da shi, kuma editoci 'yan sa kai ne ke tace duk abin da aka aiko kafin ya shiga. Bincike kyauta ne, ba a neman rajista sai ga mai son ƙara sabon jeri ko gyara tsoho.

Fuskar shafin ba ta da wani ado. Akwatin bincike ne guda da rubutu zalla, kamar an manta da shi tun zamanin da ake zuwa kafe a duba saƙo. Wannan ba aibi ba ne ga mai lallaɓa datarsa, don ko netwok na jan ƙafa shafin yana buɗewa. Matsalar sai an zo karatu a waya: layukan dabarun lissafi suna da tsawo da cunkoso, sai ka kwantar da wayar ko ka yi ta faɗaɗawa da yatsu.

Yadda ake tambayarsa shi ne a rubuta lambobin a jere, waƙafi a tsakaninsu, a danna. Masu shafin da kansu suna ba da shawarar a sa kimanin lambobi 6, kuma a jefar da ta farko ko biyun farko. Dalili shi ne ba a haɗu a kan inda jeri yake farawa ba. Wani yakan fara jerin Fibonacci, wanda kowace lamba a cikinsa jimillar biyun baya ce, da 0, 1, wani da 1, 1, wani ma da 1, 2. In ka sa farkon da bai dace da nasu ba, sai a ce maka babu, alhali yana nan. Haka nan in ka zuba lambobi da yawa, kuskure ɗaya wajen kwafa ya isa ya ɓatar da kai. Idan akwai gurbi a tsakiyar tambayar, ana sa alamar _ a wurin, kamar 2,6,12,_,30,42. Alamar ɗebewa a gaban lamba ba ta hana a samo jeri, binciken yau da kullum ba ya kula ta.

Kowane jeri yana da lambar shaida mai farawa da A. Na Fibonacci A000045 ne, na lambobin da ba sa rabuwa sai da 1 da kansu (2, 3, 5, 7, 11, 13) A000040 ne. A ƙarƙashin sunan jerin za ka ga lambobin farko, sai bayanan masu sharhi, sai dabarun fitar da kowace lamba, sai misalai, sai gajerun umarnin kwamfuta na lissafa shi, sai jeri masu dangantaka da shi. Akwai wani ɗan layi da aka rubuta "offset" wanda sababbin zuwa ke tsallakewa, kuma shi ne yake kayar da su. Yana gaya maka daga wane matsayi aka fara ƙirga. A jerin Fibonacci daga 0 aka fara, saboda haka in ka ƙirga da yatsa lamba ta goma a layin 34 ce, amma abin da dabara ke kira a(10) 55 ne. Wanda ya ɗauki dabara bai duba wannan layin ba, amsarsa za ta riƙa zamewa da taki ɗaya, ya yi ta zargin na'urar lissafinsa a banza.

Hukuncinmu a kan shafin shi ne: wurin tabbatarwa ne bayan an yi aikin hannu, ba wurin farawa ba. Aikin hannun kuwa ba shi da wuya. A rubuta jerin a layi, a ƙarƙashinsa a rubuta tazarar kowace lamba da maƙwabciyarta, a sake yin haka ga sabon layin, har a kai layin da lambobinsa duk iri ɗaya ne. Ɗauki 2, 6, 12, 20, 30. Layi na biyu 4, 6, 8, 10 ne, na uku 2, 2, 2. Daga nan sai a hau sama: 10 da 2 sha biyu, 30 da 12 arba'in da biyu. In tazarar ta ƙi lafawa, a koma rabawa, a raba kowace lamba da wadda ta gabace ta. Idan sakamakon yana kusantar 2, akwai ninki biyu a ciki. Idan yana kewaya 1.618, kamar 21 a raba da 13 ko 34 a raba da 21, to haɗa biyun baya ake yi. Idan kuma jerin yana hawa yana sauka, a raba shi gida biyu, na ɗaya da na uku da na biyar gefe guda, sauran gefe guda. 3, 10, 6, 8, 9, 6, 12 ba komai ba ne illa 3, 6, 9, 12 da aka saƙa da 10, 8, 6, kuma 4 ce ke tafe.

Akwai tarko a hanyar tazara da ya kamata a sani. Layin ƙarshe sai ya ƙunshi lambobi iri ɗaya aƙalla biyu, gara ma uku, kafin a yarda da shi. Ko wane tarin lambobi ka rubuta, ko da ka ne ka zubo su, in ka yi ta ɗebewa dole ka ƙare da lamba ɗaya tilo a ƙasa, kuma daga ita kana iya hawa ka ƙirƙiro "amsa". Wannan amsar ba ta tabbatar da komai ba.

Inda OEIS ya fi burgewa shi ne wajen karya gadarar mai ganin ya gama ganewa. Rubuta 1, 2, 4, 8, 16. Kowa zai ce 32, kuma shafin zai ba ka wannan a A000079. Amma a cikin sakamakon akwai A000127, wanda ke ci gaba da 31, 57, 99. Asalinsa zane ne da kowa zai iya gwadawa da fensir. Zana da'ira, sa ɗigo a bakinta, ka haɗa kowane ɗigo da kowane da miƙaƙƙen layi, sannan ka ƙirga gidajen da da'irar ta rabu. Ɗigo 2 gida 2, ɗigo 3 gida 4, ɗigo 4 gida 8, ɗigo 5 gida 16. Ɗigo 6 kuwa, duk yadda ka yi, 31 ne iyaka. Kama da wane ba wane ba ne. Sharaɗin shi ne kada layuka uku su haɗu a wuri guda a cikin da'irar. Mai son tsafta da ya jera ɗigo shidan da tazara daidai wa daida, manyan layuka uku za su gamu a tsakiya, ɗan ƙaramin gidan da ke can ya ɓace, ya ƙirga 30 ya rasa inda ɗaya ya shiga. Gwada hanyar tazara a kan 1, 2, 4, 8, 16, 31, 57 ka gani: sai a tazara ta huɗu ake samun 1, 1, 1, kuma tazara ta biyu ita ce 1, 2, 4, 7, 11 ɗin da muka fara da ita. Wannan jerin shi ma yana da nasa gida a shafin, A000124, kuma shi ne adadin yanka mafi yawa da za a samu daga gurasa ɗaya in ana ratsa ta da wuƙa a miƙe ba tare da an ɗora wani yanki kan wani ba: ratsa 3 yanka 7, ratsa 4 yanka 11. Irin wannan haɗa zumunci tsakanin jeri da jeri shi ne abin da na'urar lissafi ba za ta ba ka ba.

Yana kuma ceton mutum daga jerin da ɗebewa da rabawa ba sa kamawa. 1, 11, 21, 1211, 111221 ba lissafi ba ne, karatu ne. Kowace lamba tana siffanta wadda ta gabace ta: a 111221 akwai ɗaya guda uku, biyu guda biyu, ɗaya guda ɗaya, sai a rubuta 312211. Masanin lissafi John Conway ya yi nazarinsa, kuma in aka fara da 1, ba za a taɓa ganin 4 a cikinsa ba. Mutum zai iya kwana yana ɗebewa bai ga haske ba, shafin kuwa nan take zai miƙo A005150.

Maɓallan da ke saman kowane jeri su ma sun cancanci a taɓa su. "graph" yana zana jerin, kuma ido yakan ga abin da ƙwaƙwalwa ta kasa, musamman jeri biyu da aka saƙa. "listen" yana mayar da lambobin sauti. Ga yawancin jeri wasa ne kawai, amma a gwada shi a A005132, jerin Recamán: 0, 1, 3, 6, 2, 7, 13, 20, 12, 21, 11, 22, 10. Ƙa'idarsa ita ce a taki na n ka ja baya da n, in ba za ka faɗa ƙasa da sifili ba kuma ba ka taɓa taka wurin ba, in ba haka ba ka yi gaba da n. Duk da dogon lissafin da kwamfutoci suka yi, har yanzu 852,655 ba ta fito a cikinsa ba.

Yanzu ga inda yake ba da haushi. Ga mai shirin jarrabawar neman aiki, shafin yakan zama kamar tambayar hanya a kasuwa, kowa da inda zai nuna maka. Lambobi huɗu ƙanana sukan jawo sakamako rututu, kuma wanda ya zo a sama shi ne wanda ya fi suna a wurin masana, ba lallai wanda mai tambaya yake nufi ba. Dubi 2, 5, 11, 23, 47. Mai shirya jarrabawa ninki biyu da ƙarin 1 yake nufi, amsarsa 95. Amma duka biyar ɗin lambobi ne marasa rabuwa, kuma in ka ce kowace ita ce mara rabuwa ta farko da ta haura ninkin ta baya, sai ka faɗa kan 97. Duka biyun daidai ne a lissafi, amma ɗaya ce ke kan takardar maki. A jarrabawa ƙa'ida mafi sauƙi ake so, kuma shafin bai san wannan ba. Ƙari a kan haka, tambayoyin da ake ƙirƙira a teburi, irin su "ninka da 3 ka cire 2, sannan ka ƙara 5", ba su da wani dalilin shiga ma'ajiyar masana. Ko dai a ce babu, ko a kawo wani jeri da ya yi daidai bisa katari.

Cikakkun lambobi kawai yake karɓa, saboda haka sai ka yi masa shara tukuna. Jerin ɓari kamar 1/2, 2/3, 3/4 a nemi na sama daban, na ƙasa daban. 0.5, 1.5, 3, 5 a ninka da 2 ya zama 1, 3, 6, 10. Idan duk lambobin suna rabuwa da abu ɗaya a cire shi: 7, 14, 35, 98, 294 baƙo ne, amma a raba da 7 sai ga 1, 2, 5, 14, 42, wani sanannen jeri da ake kira lambobin Catalan, A000108, ɗaya daga cikin shafukan da suka fi tsawo a ma'ajiyar. Cire 1 ko ƙara 1 ga kowace lamba shi ma yakan tona asiri. Akwai wani sashe mai suna Superseeker da ke yin irin wannan juye-juyen da kansa, ana aika masa lambobin ta imel ya dawo da amsa, amma tambaya ɗaya ake so a sa'a, don haka ba abin gaggawa ba ne.

Sai batun harshe. Bayanan duk da Turanci suke, kuma Turancin masana lissafi, ba na makarantar sakandare ba. Ɗalibi ya tsaya a sunan jerin da sashen misalai, ya bar dogon sharhin. A kuma duba kalmomin da ke ƙasan shafi. "easy" na nufin lissafa shi ba wuya, "nice" na nufin editoci sun yaba da shi, "base" na nufin ƙa'idar ta rataya a kan yadda ake rubuta lambar, "word" kuwa ta rataya a kan kalmomin wani harshe. Wannan na ƙarshen shi ke cutar mai tunani da Hausa. 3, 3, 5, 4, 4, 3, 5, 5, 4, 3 adadin haruffan sunayen ɗaya zuwa goma ne da Turanci. Da Hausa sai ya zama 4, 4, 3, 4, 5, sannan a tsaya gardama a kan "shida", tunda a abacadar boko "sh" harafi ɗaya ne: mai ƙirga alamomi zai ce 5, malamin Hausa zai ce 4. Wani jerin kuma da ba lissafi ne tushensa ba shi ne A000053, wanda ya fara da 14, 18, 23, 28, 34, 42, 50, 59. Tashoshin wani layin jirgin ƙarƙashin ƙasa ne a birnin New York, kuma ta gaba 66 ce.