Ranar da Bature ya binne harawa a gabana

'Yan uwa, yau wata tara ke nan ina aiki a wata gonar alkama kusa da garin Banbug a Jamus. Gonar ba a zuba mata takin zamani ko cokali guda, doka ce ta hana duk mai son a sayar da hatsinsa da tambarin "Bio". Kafin a ba mutum tambarin sai gonarsa ta yi shekara 2 ba ta ga irin wannan takin ba, kuma kowace shekara masu bincike suna zuwa su duba rumbu da takardun sayayya.

Wata safiya maigidana, dattijo ne, ya ce in hau tarakta mu je wani fili. Wata ciyawa ce mai ganye uku-uku, kuloba ake ce mata da Turanci, dangin wake ce, ta yi kore shar har gwiwa. Na ɗauka yankewa za mu yi mu ɗaure wa shanu. Sai ya ce a kife ta cikin ƙasa. Wallahi hannuna kasa motsi ya yi. Na tuna yadda ake tsadar damin harawa a kasuwar garinmu idan rani ya yi nisa, na tuna tumakin Inna suna lasar ƙasa. Na ce masa, Baba, wannan ai almubazzaranci ne.

Bai yi gardama da ni ba. Shebur ya ɗauko, ya tono tushe ɗaya, ya kakkaɓe ƙasar, ya nuna mini wasu 'yan ƙulle-ƙulle kamar ƙwayar gero a jikin saiwar. Ya fasa ɗaya da farce, cikinta ja-ja. Ya ce idan ka ga jan nan, ƙwayoyin bakteriyar da ke ciki suna aiki, suna jawo naitirojin daga iska suna ajiyewa, shi ne abin da kuke saye a buhun yuriya. A garin nan ma, in ji shi, masanin kimiyya Hermann Hellriegel da abokin aikinsa Wilfarth suka yi gwajin da ya tabbatar da haka, aka sanar a 1886. Sannan ya tambaye ni: ku ba ku noma wake?

Kunya ta rufe ni. Ni da na tashi cikin gonar wake, na tumɓuke dubbai, ban taɓa tsayawa na dubi saiwar ba.

Shekara 2 kuloba take yi a filin, sai alkama ta biyo, sai wani hatsin, sai wakensu mai faɗi, a sake zagayowa. Irin ma idan ka saya, ga takarda a jikin buhu, sunansa da yawan wanda zai tsiro. A gida sau nawa aka sayar mana da takin da aka cuɗa da yashi?

Na sani daminarmu gajera ce, dabbobinmu kuma da harawa suke kaiwa ga sabon ruwa, ba zan ce a binne ta ba. Amma kakanninmu gero da wake suke haɗawa, ba su sare gawo a gona. Mu kuwa masara bana, masara baɗi, har ƙuduji ya mamaye wuri, muna zaune muna jiran ɗan siyasa ya rabo taki bayan shuka ta yi rawaya. Wannan yana ci mini rai ƙwarai.

Wakensu kam bai yi mini ba, yawanci dabbobi ake ba. Namu sai na shiga jirgin ƙasa zuwa shagon 'yan Afirka, ɗan ƙullin da bai kai rabin mudu ba a kuɗin da ba na son faɗa, ƙosan ma ba ya tashi kamar na ƙofar gidanmu.

Jiya na kira ƙanena, na ce bana gefen da ƙuduji ya cinye a sa masa waken soya, waken gida kuma a yanke shi da lauje a bar saiwar a ƙasa. Na ce idan ya fara fure ya tono tushe ɗaya, ya fasa, ya turo mini hoton ta WhatsApp.