Wata biyar da ƙaramin majigi a tsakar gidanmu

Ana saura mako biyu azumi na sayi ƙaramin majigi a babbar kasuwar Garwa a Kamaru, irin wanda bai fi gwangwanin madara girma ba. Sefa 45,000 na biya bayan ciniki mai tsawo. A jikin kwalin an rubuta 4K, wato hoto mai tsananin kyau, da manyan baƙaƙe, amma kada wannan ya ruɗe ku. Yana iya buɗe bidiyon 4K ne kawai, hoton da yake jefawa a bango kuwa 720p ne, wanda kyansa bai kama ƙafar 4K ba. Mai shagon ya rantse mini har rana tsaka zan ga hoto tangaran. Allah Ya yafe masa. Majigin nan sai bayan sallar isha'i yake da mutunci.

Amma idan duhu ya yi, madalla. Zanin gado fari muka ɗaure a bangon ɗakin girki, muka shimfiɗa tabarmi, hoto ya fito ya fi ƙyauren ɗaki faɗi. Daren farko Inna ta leƙo ta ce, "Kai ɗan nan, silima ka kawo mana gida?" Ita da ta ce minti biyar za ta zauna, sai da aka gama fim ɗin Kannywood ɗin nan ta tashi, tana yi wa matar uban da ke ciki faɗa kamar tana jin ta. Yanzu yaran maƙwabta a nan Yalwa sun san lokaci, kafin in haɗa waya sun riga sun kama wuri.

Inda na sha wuya shi ne data. Ban san cewa kallo a Netflix da hoto mai kyau na iya cin giga 3 a awa ɗaya ba, sai da forfe, wato datar da na saya ta wata guda, ya ƙare a kwana huɗu. Tun daga nan na yi hankali. A YouTube 480p nake sawa, wato hoton da ba ya cin data sosai, kuma wallahi a kan zanin gado ba wanda ya lura da bambanci. Abin da za a iya saukewa ina sauke shi cikin dare, lokacin da rezo, wato sabis ɗin waya, ya fi sakin jiki. Ku kuma sani, wasu manhajojin da ake biyan kuɗi ba sa yarda a tura hotonsu daga waya zuwa majigi. Za ka ji magana, allo kuwa baƙi ƙirin. Dole sai an buɗe su a cikin majigin kansa, shi kuma Android ɗin da ke cikinsa tafiyar hawainiya yake yi.

Sautinsa ba ya kai wa ƙofar gida, sai na haɗa masa sifika ta Bluetooth. Fankar cikinsa tana gurnani, musamman a watan Afrilu da zafi ke wuce digiri 40. Sau biyu ya kashe kansa. Na gane ƙura ce ta toshe ramukan iska, yanzu duk Juma'a nake share su da tsohon buroshin haƙori.

Ba shi da batir, wannan ma a sani. Mu da wutarmu ta dogara da ruwan madatsar Lagdo, mun san yadda rani yake yi mana. An taɓa ɗauke kuran, wato wutar lantarki, ana shirin bugun fanareti, ihun da yara suka yi har liman ya aiko a ji ko lafiya. Sa'ar dai ba ya cin wuta sosai, batirin solar da muke kunna fanka da shi yana riƙe shi har fim ya ƙare.

Da damina ta sauka sai ga wata sabuwa: ƙwari. Haske na tashi sai su taru a kan zanin, ƙwaron shinge ya sauka a hancin jarumi. Yanzu zaure muka koma. Wuri ya yi mana kaɗan, amma Inna ta riga ta sa an kai mata kujerarta can.