Rumfar ɗaukar hoto a wurin biki: wacce ta dace da Damagaram?

Duk wanda ke shirin walima ko yinin biki a Damagaram, a Birni ne ko a Zango, zai tarar ana yi masa tayin rumfar hoto iri-iri, kuma ya kamata ya san bambancinsu kafin ya ba da kafin alƙalami.

Wadda ta fi jan hankalin samari ita ce mai kewayawa, wadda ake kira 360. Mutum biyu zuwa huɗu suna hawa wani ɗan dandamali, sai wani hannun ƙarfe mai ɗauke da waya ya zagaya su, a fitar da gajeren bidiyo a tura ta WhatsApp. Tana da ban sha'awa, amma tana cin fili, ba ta ba da hoton takarda, kuma babbar riga ko dogon mayafi na iya sarƙewa a hannun ƙarfen yayin da yake juyawa. Ga taron baje kolin masu lalle, masu kwalliya da teloli, inda kowa ke neman abin tallata sana'arsa a Facebook, ta dace ƙwarai. Ga bikin da iyaye mata suka cika, ban ga amfaninta ba.

Akwai kuma ƙaramar kyamara mai fitar da hoto nan take, irin Instax Mini ta Fujifilm. Kowane ƙunshin takardar hoton da ake saka mata hoto 10 ne kawai, girman kowane hoto kamar katin shaida, don haka kuɗin yana hawa da sauri idan ƙawayen amarya suka zo da ankonsu. Kamfanin ya ƙayyade a yi amfani da ita tsakanin digiri 5 zuwa 40, alhali zafin watan Afrilu da Mayu a garin nan yakan haura haka.

A ganina, wadda ta fi cancanta ita ce rumfa mai labule ko kyallen bango, da fitila mai kyau da na'urar buga hoto. A nan ma sai an yi tambaya. Ƙaramar na'urar Canon Selphy tana buga hoto mai santimita 10 da 15 cikin kusan minti ɗaya, wanda ya isa ƙaramin taro, amma idan baƙi sun kai ɗari biyu layi zai yi tsawo har wasu su haƙura. Manyan na'urori irin na DNP suna fitar da hoton cikin daƙiƙoƙi kaɗan. A tambayi mai rumfar ko yana da batir ko injin wuta nasa, domin ɗaukewar wuta ana tsakiyar kamu ba baƙon abu ba ne, a kuma duba ko yana rufe na'urarsa daga ƙurar hunturu, wadda ke barin ɗigo-ɗigo a fuskar hoto.

Abin da ya fi damuna shi ne inda hotunan ke zuwa bayan an watse. Matan aure da 'yan mata suna shiga rumfar ne a kan amana, cikin kwalliyar da suka yi domin dangi, ba domin idon duniya ba. Saboda haka a yi yarjejeniya a rubuce cewa mai rumfar zai miƙa wa iyalin amarya dukan hotunan, ya goge nasa, kuma ba zai saka ko ɗaya a TikTok da sunan talla ba sai da izinin mai hoton. Idan taron na mata ne zalla, a nemi mace ta riƙe na'urar. Wanda ya ƙi waɗannan sharuɗɗa, a nemi wani ko da farashinsa ya fi sauƙi.