Muzen Yamai: wurin da matashi zai ga gwani a bakin aikinsa

Gidan tarihi na ƙasa Boubou Hama, wanda mutanen Yamai ke kira Muze, an buɗe shi ne a 1959. Galibin iyaye don zaki da dorina da ƙasusuwan dinozor suke kai yara. Amma ga mai ɗa ko ɗiya tsakanin shekara 13 da 18, lokacin da yaro ke neman wanda zai yi koyi da shi, rumfunan masu sana'ar hannu sun fi komai daraja a gidan.

Gwanayen matasan yau cikin salula suke. Yaro yana ganin mota da shadda a TikTok, ba ya ganin wahalar da aka sha kafin a same su. A gaban maƙerin azurfa kuwa babu abin da ke ɓoye. Zai siffanta kuros ɗin Agadas, wato abin wuyan nan na azurfa, da kakin zuma, ya lulluɓe da yumɓu, ya gasa har kakin ya narke ya tsiyaye, ya zuba narkakkiyar azurfa a gurbin, sannan ya fasa yumɓun ya hau goga da zane. In yumɓun bai bushe sosai ba sai ya tsage, a koma farko. Yaron da ya zauna minti 30 yana kallon wannan ya gane cewa gwaninta mataki-mataki ce. Haka ma wajen dukawa da masaƙa.

A je da safe kafin rana ta take, da yara biyar ko shida, kowa da littafinsa da biro. A kauce wa ranakun sallah, cunkoso ba ya barin a yi magana da kowa. Babba ya fara gaisawa ya nemi izini, yaran kuma su yi tambaya da bakinsu: "Baba, shekara nawa kuka yi kuna koyo? Me kuka fi ɓatawa da farko? Wa ya koya muku?" A tuna waɗannan mutane abincinsu suke nema, don haka a sayi ko ɗan zobe ko walat, kada a cinye musu lokaci a tafi hannu rabbana.

Inda ziyarar ke lalacewa shi ne a kwaso aji guda na yara 50 a sake su. Duk wajen dabbobi za su kwasa. Sai kuma uban da ke zaɓa wa ɗansa gwani. Abin da aka cusa wa matashi ba ya kai sati.

Muze kaɗai ba zai wadatar ba, domin ba kowane yaro ne hannu ke ja ba. Mai son karatu a ba shi labarin mai sunan gidan, malamin lakwal da ya shugabanci majalisar dokoki har 1974. Mai son kimiyya ga Abdou Moumouni Dioffo, masanin makamashin rana da jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa. Mai son wasanni ga Abdoulrazak Issoufou Alfaga, wanda ya ciyo azurfa a taikwando a Rio a 2016, ya zama zakaran duniya a 2017. Ƴan mata kuma ga Mariam Issoufou Kamara, mai zanen gine-gine, wadda tana cikin waɗanda suka tsara masallaci da ɗakin karatu na Dandaji a jihar Tawa.

Da an koma gida, yaro ya rubuta sunan mutum ɗaya da hali ɗaya nasa da yake so, sai buri ɗaya na wata uku wanda ake iya aunawa. Mai shirin jarrabawar BEPC ta ƙarshen kwaleji, misali, awa guda ta lissafi kullum bayan magariba. Uwa ko yaya su duba littafin tare da shi kowace Lahadi.