Buɗe asusun waya a rumfar masu caji: akwai sauri, amma makullin na hannun wa?

Ranar Alhamis a kasuwar Maigatari, rumfunan masu caji da gyaran waya cike suke da waɗanda suka sayar da dabba suka sayi sabuwar waya. Cikin minti kaɗan yaron rumfa zai buɗe maka Gmail, ya sa WhatsApp da Facebook, ya haɗa manhajar banki. Aikin ba tsada, kuma ga wanda bai yi boko ba taimako ne na gaske.

Inda aikin ke da rauni shi ne makulli. Sau da yawa yaron ne ke zaɓar sunan imel da kalmar sirri, wani ma lambarsa yake sawa a gurbin dawo da asusu, don saƙon tabbatarwa ya shigo masa nan take. Mai waya ya hau mota bai san ko ɗaya ba. Ranar da wayar ta rikice aka yi mata fulashin, wato aka goge komai aka sabunta ta, sai ta tsaya cak tana neman imel ɗin da aka sa mata tun farko. Lambobin dillalai da abokan ciniki duk suna cikin imel ɗin, yaron kuwa ya manta, ko ya tafi cirani.

Kafin ka tashi daga bencin, ka ce masa: "Ɗan'uwa, rubuta min imel da kalmar sirrin a takarda." Ka tabbatar layinka aka sa, wanda aka yi wa rajista da NIN ɗinka, don in layin ya ɓace sai da NIN ɗin za a sabunta maka. A gida a canza kalmar. A WhatsApp a kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato ƙarin lambar sirri da mai waya ke zaɓa da kansa. Lambobi 6 da ke shigowa ta saƙo kuwa, ko wa ya kira ya nema, kada a ba shi; da su ake kwashe asusu.

Ajiye layi a ƙasan adaka ma haɗari ne. In ya daɗe ba a amfani da shi, kamfani kan rufe shi ya sayar wa wani, saƙonnin banki su koma hannun baƙo. Google mai Gmail kuma tun Disambar 2023 yana iya goge asusun da ya shekara 2 ba a shiga ba.