SIM, cikin waya, ko littafin adireshi na imel: ina ya fi a ajiye lambobin mutane?

Malama, kin ce wayarki ta faɗa ruwa, kin sayi sabuwa kin sa layinki, sai kika tarar rabin mutanenki babu su. Kina tambaya ko ki ci gaba da ajiya a SIM da waya, ko ki kwashe komai zuwa littafin adireshi na imel. Allah Ya mayar da alheri. Ni dai imel zan ce miki, amma shi ma yana da nasa aibin, zan zo kansa.

SIM shi ne mafi ƙarancin ciki a cikin ukun. Yawancinsu sunaye 250 ko kusa da haka suke ɗauka, kowane suna da lamba ɗaya tak, in sunan ya yi tsawo a guntule shi. Babu wurin adireshin imel, babu hoto, babu inda za ki rubuta "mai gyaran firiji" don ki tuna ko wane ne. Amfaninsa ɗaya: ki zare ki sa a kowace waya, ko ƙaramar nan mai maɓalli, ba ruwansa da data. In kuwa ya ɓace aka sake miki wani da tsohuwar lambarki, lambar ce kaɗai ke dawowa, sunayen ba sa biyo ta.

Cikin waya ya fi shi faɗi nesa ba kusa ba, sai dai ransa ɗaya da na wayar. Ina kyautata zaton can ne rabin mutanen naki suka tafi.

Littafin imel kuwa, asalin ajiyar tana can kan intanet, abin da ke wayarki kwafi ne. Google Contacts, littafin Gmail, yana ɗaukar mutum 25,000, iCloud na masu iPhone 50,000, Outlook na Microsoft ma yana da nasa. Mutum ɗaya sai ki haɗa masa lambobi uku, imel biyu, ranar haihuwa da ɗan bayani. Kin sayi sabuwar waya, kin shiga imel ɗinki, kafin ki gama saita hoton fuska sun sauko, WhatsApp ma ya gane su tunda daga nan yake karantowa. A Google, sunan da kika goge yana zama a kwandon shara kwana 30, kuma kina iya mayar da littafin gaba ɗaya yadda yake a wata rana cikin kwana 30 ɗin. SIM bai san wannan ba, ya goge ya goge.

Inda na fi jin daɗinsa shi ne rukuni. Sai ki tara iyayen yaran ajinku ko mambobin ƙungiya ƙarƙashin suna ɗaya, ranar aika saƙo ki rubuta sunan rukunin kawai, duk su fito. Don Allah a layin Bcc, wato layin ɓoye masu karɓa, za ki zuba su, kada kowa ya ga adireshin kowa. Na sha ganin an yi kuskuren ƙin sa su a Bcc, mutum ɗaya ya amsa, mutum tamanin su karɓa. Gmail na kyauta yana tsayar da mai aike a saƙo 500 a rana. Google Contacts yana kuma nemo sunayen da suka maimaitu ya haɗe su, amma ki duba kafin ki amince, musamman in kina da Aisha huɗu.

To ga aibin. Abin da kika goge a waya ya gogu a kwamfuta ma, domin littafi ɗaya ne. Sannan duk mutanenki sun rataya a kan kalmar sirri guda: kin manta ta babu lambar ceto, ko wani ya sace ta, to an yi gudun gara an faɗa wa zago. In wani ne ya ƙirƙira miki imel ɗin, yau ki canza kalmar, ki sa lambarki ta ceto, ki kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato ƙarin shaida bayan kalmar sirri. Kada ki yi ajiyar a imel ɗin wurin aiki, ranar da kika bar aikin za a rufe shi da mutanenki a ciki. Kuma tun Disamba 2023 Google yana iya share akawun da aka yi shekara biyu ba a taɓa ba.

Kaurar ba ta da wuya. A manhajar lambobi akwai wurin shigo da sunaye daga SIM, ki zaɓi imel ɗinki a matsayin masauki, sannan ki saita shi ya zama inda sabuwar lamba ke faɗawa, in ba haka ba ki sake warwatsewa. Ki riƙa rubuta lamba da + da lambar ƙasa. Bayan 'yan watanni ki fitar da kwafi a fayil ɗin vCard, mai ƙarewa da .vcf, ki ajiye a wani wuri dabam. Akwai fayil ɗin CSV ma, amma in kika buɗe shi da Excel yakan cinye sifirin da ke farkon lamba, ni vCard ɗin nake ɗauka.