Mushamma mai ɗamara: rufin da 'yan mazan jiya ke fakewa a Gadarif

Sojan da ya ƙare ƙuruciyarsa a bariki, ranar da aka sallame shi yakan miƙa makullin gidan gwamnati, ya fita da iyali da takardar fansho. Fanshon kuwa hauhawar farashi ta cinye shi tun kafin yaƙin da ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu, 2023. Da Wad Madani ta faɗi a Disambar wannan shekarar, sannan Sinja a Yunin 2024, jama'a suka kwararo Gadarif da Kasala a gabashin ƙasar, cikinsu har da tsofaffin sojoji, wani da sandar guragu, wani da ƙafar roba. Abin da kwamitin unguwa ke iya yi musu cikin gaggawa shi ne rumfa, wadda a nan muke kira rakuba, a rufa ta da mushamma, wato tamfol.

Iri biyu ne a kasuwa, kuma bambancinsu ba kaɗan ba ne. Akwai shuɗin nan marar kauri, mai araha. Kada a saya. Rana na cin sa, yakan fara marmashewa kafin damina ta fita. Wanda ya cancanci kuɗinsa shi ne fari, irin wanda ƙungiyoyin agaji ke rabawa: mita 4 a faɗi, mita 6 a tsawo, saƙaƙƙen zaren roba da aka shafe ciki da waje, da ɗamara masu duhu da suka ratsa shi a tsaye. Akwai kuma mai mita 4 da 5, mai zobba a baki. Gwajin mai sauƙi ne. A ɗaga shi a rana, in haske na ratsowa ta saƙar, jabu ne. Na gaskiya mai mita 6 yakan haura kilo 4 a ma'auni.

Guda ɗaya na rufe ɗakin mutum uku zuwa huɗu, in aka bi ƙa'idar masu agaji ta murabba'in mita 3.5 ga kowane mutum. Biyu sun fi, ɗaya sama, ɗaya bango.

Yawancin yagewar da ake ɗora wa mushamma laifin mai kafawa ne. Ana buga ƙusa tsirara a tsakiyar leda, iska ta kaɗa, ramin ya buɗe. A buga ƙusar a kan ɗamara, a sa mata murfin kwalba ko guntun tsohuwar taya a matsayin matashi. Inda babu ƙusa, a naɗe ɗan dutse mai santsi a bakin ledar a ɗaure shi da igiya. A ja shi ya yi tsam kamar fatar ganga, a ba rufin gangara sosai, don ruwan da ya kwanta a kai shi ke karya gora. Bakin gorar kuma a naɗe shi da tsumma.

Ƙasar Gadarif baƙar laka ce, da rani ta tsattsage, da damina ta riƙe takalmi. Dirka sai ta nutse rabin mita, a shafa wa gindinta baƙin mai saboda gara. A ɗaga daɓen ɗaki kamu ɗaya, a haƙa lambatu a kewaye. Gidan sauro dole ne, ba don zazzaɓin cizon sauro kaɗai ba, har da kala-azar, cutar da cizon wani ɗan ƙaramin ƙuda ke haddasawa, da ta yi ƙaurin suna a yankin.

Inda mushamma ya gaza shi ne zafi da ƙara. Da azahar ɗakin tanda ne, sai an shimfiɗa zana a sama an bar tazara tsakani. Ƙarar kuwa, mutumin da ya sha luguden wuta ba ya jin fafatar leda cikin guguwar ƙurar da ake kira habub yadda ni da kai muke ji. Wani zumbur zai miƙe tsakar dare yana lalube. Zanar nan tana rage ƙarar ruwa, ɗauri mai ƙarfi kuma yana hana fafatar.

Masu kafawa sukan manta da wanda zai kwana ciki. Ƙofa ta kai santimita 90 don keken guragu ya shige, kada a yi mata dokin ƙofa, igiyoyi kuma kada su gitta hanyar banɗaki, domin su ke harɗe sanda da dare. Angarib, wato gadon igiya, ya fi tabarma ga mai ƙafa ɗaya, tashi daga ƙasa wahala ce. Murhun gawayi a waje, nesa da leda.

Farin mushamma ya biya kuɗinsa, in an kafa shi da kyau zai ci damina ya kai ta baɗi. Amma ba ya kulluwa, kuma takardar sallama da katin fansho, waɗanda Baba Soja ba shi da wata shaidar aikinsa sai su, ba abin ajiyewa a ƙarƙashin leda ba ne. A kai su gidan mai unguwa ko limami, a ɗauki hotonsu a waya.